Shuka a cikin ɗaki: a rage ruwa, a buɗe taga

Yawancin ɗakunan haya na unguwannin Yamai, irin su Bukoki da Talaje, tagoginsu ƙanana ne, hasken rana ba ya shiga sosai. Duk da haka mutane suna sayen shuke-shuke a bakin kogi, wajen Yantala, suna kai su ɗaki don ado. Al'ada ce mai kyau. Amma a ganina yawan ban ruwa shi ne ke kashe shukar, kuma yana iya jawo wa iyali ciwo.

Shuka da haske take sarrafa abincinta. A ɗaki mai duhu girmanta a hankali yake, ruwan da take sha kaɗan ne. In ana zuba mata ruwa kullum, saiwarta za ta ruɓe, ganyenta ya yi rawaya. Ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin tukunya kuwa gidan sauro ne. Cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan sauro yake zama sauro mai cizo. Mun san abin da sauro yake yi wa ƴaƴanmu, musamman da damina.

To, ga shawara. A zaɓi shuka mai haƙuri da inuwa, kamar moɗa, wadda asalinta ta ƙasashenmu ce. Tumatir da zogale da tattasai rana suke so, wurinsu tsakar gida ko garka. A huda gindin tukunya, a gauraya ƙasa da rairayi da taki ruɓaɓɓe. Kafin ban ruwa a sa yatsa cikin ƙasar. In da danshi, a dakata. A zubar da ruwan da ya tsiyaye nan take. Da hunturu a goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen tsumma. A ajiye tukunya kusa da taga, inda hannun yara ba ya kaiwa, domin wasu ganyaye guba ne in an tauna.

Wasu na cewa shuka tana tsabtace iskar ɗaki. A 1989 hukumar NASA ta Amurka ta gwada haka, amma a cikin rufaffun akwatuna. Tukunya biyu ko uku ba su isa su kori hayaƙin gawayi ba. Wannan aikin taga ne, sai a buɗe ta.

Wanda ya karanta ya faɗa wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya.