Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shirya Fina-finan Ban Tsoro Da Na 'Yan Daba

Ƙannena da 'ya'yana,

Yabon gwani ya zama dole. Hotonku ya yi kyau, sauti yana fita tas, kuma daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 zuwa yau an yi nisa. Allah ya ƙara basira. Na sauke wannan nauyi, saura abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Aljanin nan naku ne ya ishe ni. Fim bai yi nisa ba sai ga shi tsaye a tsakar gida, an dambara masa farar hoda, an maƙala masa farcen roba, kwamfuta ta mayar da idonsa ja, yana ɓaɓɓaka dariya, kiɗa na neman fasa lasifika. Yaran da kuke son firgitawa dariya suke yi, suna cewa, "Ai shi ne direban wancan fim ɗin!" Abin da ido ya ƙare wa kallo, zuciya ba ta shakkarsa.

Magabata sun san wannan. A Psycho na 1960, Alfred Hitchcock ya yi kusan mako guda yana ɗaukar wani kisa da aka yi a banɗaki. Fim ɗin baƙi da fari ne, jinin da ke bin ruwa cakulan ne, wuƙar ma da ƙyar za ka ce ka ga ta taɓa jiki. Yankan hoto da kukan goge suka yi aikin. A Jaws na 1975, kifin inji da aka ƙera wa Steven Spielberg ya yi ta lalacewa a ruwan teku, sai ya ɓoye shi, ya bar mu da duro-duro masu gudu a saman ruwa da kiɗan John Williams.

Za ku ce waɗannan Turawa ne masu kuɗi. To ku koma Sholay na Ramesh Sippy, shi ma na 1975, wanda muka yi ta turereniya a ƙofar silima dominsa. Ranar da mugun fim ɗin, Gabbar Singh, ya hallaka iyalin Thakur, me aka nuna? Lilo yana ƙara a fili, yaro ya fito, Gabbar ya ɗaga bindiga, sai hoto ya koma kan jirgin ƙasa yana huci. Silima ta yi tsit, har mai sayar da gyaɗa ya daina kira. Wannan ba kuɗi ya saya ba, hankali ne. Yau da ku ne, da kun kwarara jan ruwa kamar an ɓarar da zoɓo, ku maimaita a hankali har sau uku. Haba!

Kuma tunda na ambaci Gabbar, ga laifi na biyu. Amjad Khan ya fito a matsayin wannan mugun, muka tsane shi, babu wanda ya fita daga silima yana fatan zama shi. Ku kuwa kun mai da ɗan daba gwarzo. Shi ke da kirari, shi ke da waƙa, shi kyamara ke bi daga ƙasa yana jan barandami a kan titi. Wanda aka sara saboda waya, ko suna ba shi da shi, ba mu ga uwarsa a bakin asibiti ba, ba mu ga zaman makokinsa ba. Sai an kai kashin ƙarshe malam ya yi wa'azi, ɗan daba ya zubar da hawaye, ku ce fim ya faɗakar. Wa kuke yaudara? Yaron unguwa kirarin ya haddace, bai jira tubar ba. Ko The Godfather na 1972 da kuke yawan kafa hujja da shi, daraktansa Coppola ya nuna jarumin fim ɗin, Michael, yana samun mulki yana rasa mutuncinsa, har ya kalli matarsa ya shara mata ƙarya.

Ku gafarce ni idan harshe ya yi kaifi, kishin sana'ar ne. Roƙona bai wuce biyu ba. A fim na gaba, ku bar aljanin a bayan ƙyaure, mu ji motsinsa, mu ga fuskar wadda ta ji shi. Wanda aka zalunta kuma ku ba shi suna da gida da dangi kafin ku ba ɗan daba makami.

Allah ya yi wa sana'arku albarka.

Naku,
Wani tsohon ɗan kallo