Ayalan da 'Ya'yanta na Ƙetare: Waɗanda Wasiƙarsu ta Daina Zuwa

A ƙauyukan yammacin ƙasar Ayalan, a ƙarni na 19, idan saurayi ko budurwa za su tafi Amurka, dangi da maƙwabta kan taru a gidan a daren jajibirin tafiya. A kwana ana ci ana sha, ana kiɗa ana kuka. Sunan da suka laƙaba wa taron ma na zaman makoki ne, domin kowa ya san wanda ya hau jirgin ruwa da wuya a sake ganin fuskarsa. Yunwar da ta biyo bayan lalacewar dankali, daga 1845 zuwa 1852, ta hallaka kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu kimanin miliyan ɗaya kuma suka tsallaka teku. Ƙidayar 1841 ta nuna tsibirin na da mutum fiye da miliyan 8, kuma har yau bai koma wannan adadi ba.

Abin da ya hana zumunci yankewa shi ne wasiƙa. Takan yi makonni a kan teku kafin ta iso, a karanta ta a gaban kowa, wani lokaci ta bakin malamin makaranta idan mutanen gidan ba su iya karatu ba. Sau da yawa akwai kuɗi a ciki, na biyan hayar gona ko na kuɗin jirgin ƙane ko ƙanwa da ke jiran layi. 'Yan mata masu aikatau a gidajen attajiran Boston da New York sun yi suna wajen wannan aike. Idan kuwa wasiƙa ta ɗauke, sai a koma cigiya. Jaridar Pilot ta Boston ta shafe shekaru 90, daga 1831 zuwa 1921, tana buga sanarwar masu neman 'yan uwansu da suka ɓace: sunan mutum, ƙauyensu, shekarar da ya taso, da garin da aka ji ɗuriyarsa na ƙarshe.

A shekarun 1950 mutum fiye da 400,000 suka sake ficewa, akasari zuwa Ingila, maza ga aikin gini, mata ga jinya da masana'antu, suna aiko da kuɗi ta gidan waya. Bayan durƙushewar tattalin arziki a 2008 aka sake wani kwararar, wannan karon har da Ostireliya da Kanada. Skype da WhatsApp suka maye gurbin takarda; kaka a Mayo kan ga jikanta a Sydney kowace Lahadi, ita da safe, shi da dare.

Duk wannan aikin iyalai ne. Gwamnati ta makara ƙwarai kafin ta sa hannu. Sai a 1990 Shugaba Mary Robinson ta sa fitila a tagar fadarta da ke Dublin domin tunawa da waɗanda suka tafi, al'adar da magadanta suka ci gaba da ita. Gyaran tsarin mulki na 1998 ya ambaci alaƙa ta musamman da ke tsakanin ƙasar da jinin Ayalan mazauna ƙetare. A 2004 aka kafa sashe a ma'aikatar harkokin waje da kuma shirin tallafa wa 'yan ƙasa da ke waje, a 2014 aka naɗa ƙaramin minista na farko mai kula da su. Wanda kakansa ko kakarsa haifaffen tsibirin ne yana iya yin rajista ya zama ɗan ƙasa, ƙofar da mutane da yawa a Birtaniya suka bi bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016.

Ba kowane mataki ne ya samu karɓuwa ba. Da gwamnati ta shirya gangamin gayyatar 'yan ƙetare su ziyarci gida a 2013, ɗan wasan fim Gabriel Byrne ya fito fili ya ce dabarar tatsar aljihunsu ce kawai. Baƙi sun zo, otal-otal sun yi ciniki, amma zargin nasa bai rasa tushe ba. Har yanzu ɗan Ayalan da ya daɗe a waje ba ya zaɓen 'yan majalisar wakilai ko shugaban ƙasa, in banda jami'an diflomasiyya da sojoji. Tun 2013 taron duba tsarin mulki ya ba da shawarar a ba su damar zaɓen shugaban ƙasa. Ƙuri'ar raba-gardamar da za ta tabbatar da hakan ba a gudanar da ita ba.

A ganinmu, abin da ya fi cancantar yabo a manufar Ayalan shi ne wanda ba a cika yayatawa ba. Cikin magina na shekarun 1950 akwai waɗanda suka tsufa a ɗakunan haya a unguwannin Camden da Kilburn na Landan, ba aure, ba ajiya, wasu giya ta ci ƙarfinsu. Sun yi shekaru suna ciyar da gida, da ƙarfi ya ƙare sai kunya ta hana su rubutu, gida ma ya daina tambaya. Kaso mai tsoka na kuɗin shirin 2004 yana tafiya ne ga ƙungiyoyin da ke kula da irin waɗannan a Birtaniya. Ƙungiyar Safe Home, wadda aka kafa a Mayo a 2000, aikinta nema wa tsofaffin matsuguni su komo su ƙarasa kwanakinsu a ƙasar haihuwa. Wannan kashe kuɗi ne a kan mutanen da ba za su sake aiko da ko kwabo ba.

Nan ne ya dace ma'aikatanmu na tarayya su tsaya su duba. Najeriya na da hukumar NiDCOM, wadda dokar 2017 ta kafa, kuma kusan duk jawabin da aka yi kan 'yan ƙetare yakan fara ne da dala kusan biliyan 20 da suke aikowa a shekara. Likitan da ke Houston da injiniyan da ke Manchester ba sa buƙatar gwamnati ta haɗa su da iyayensu, wayarsu ta isa. Mai buƙata shi ne 'yar aikin gida da ubangidanta ya riƙe mata fasfo, da matashin da ke tsare a Libiya, da dattijon da ya tafi aikin hajji ta ƙasa ya maƙale a Sudan har 'ya'yansa ba su san sunan garinsu ba.

Muna kira ga ma'aikatar harkokin waje da NiDCOM su buɗe tsayayyar hanyar cigiya da iyali za su iya bi daga kowace jiha, su ware kaso bayyananne a kasafin kuɗi ga ƙungiyoyin 'yan Najeriya da ke kula da marasa galihu a waje, su kuma riƙa wallafa yawan cigiyar da aka shigar a shekara da yawan waɗanda aka gano. Majalisar Tarayya kuma, wadda ta yi watsi da ƙudurin bai wa 'yan ƙetare damar zaɓe a gyaran tsarin mulki na 2022, ta sake ɗauko shi.