ZARE: Jinyar wanda ba zai warke ba ma ƙwarewa ce, a ba ta satifiket 🧵

1/
Akwai maganar da ake faɗa a asibitocinmu wadda ke ci mini rai: "Ku tafi da shi gida, babu abin da ya rage sai addu'a." Addu'a kam dole ce. Amma "babu abin da ya rage" ɗin nan ba gaskiya ba ne. Akwai aiki jingim da ya rage. Ana karanta shi, ana jarrabawa a kansa, ana ba da satifiket. Ku biyo ni a hankali.

2/
Zan kira fannin kulawar sassauci. Wato kula da mutumin da ke fama da cuta mai tsanani, a rage masa raɗaɗi da galabaita, shi da iyalinsa. Kansar da ta bazu, ƙodar da ta daina aiki, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, sikila. Ba gaggauta mutuwa ba ne, ba kuma sallama mutum ba ne. Ana iya yin sa tare da maganin cutar tun ranar da aka gano ta.

3/
Ga matsayina tun yanzu, don kada a ce na yi kewaye-kewaye. Ina aji huɗu a karatun aikin jinya. Ina so a samar da satifiket na ƙwarewa a wannan fanni wanda hukuma ta sani, mai jarrabawa da lasisi, ga likitoci da nas-nas da masu haɗa magani. Kuma nas ɗin da ta same shi a ba ta ikon rubuta mofin. Wanda wannan ya ɓata wa rai ya daure ya kai ƙarshe.

4/
Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar wannan kulawa duk shekara, kuma kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu. Mafi yawan masu buƙatar suna ƙasashe irin namu. A 2014 babban taron hukumar ya zartar da ƙuduri cewa ƙasashe su saka fannin cikin tsarin lafiyarsu da karatun ma'aikatansu. Najeriya mamba ce fa.

5/
A 2017 kwamitin masana na mujallar Lancet ya auna yawan magani irin su mofin da kowace ƙasa ke samu, ya kwatanta da yawan masu buƙata. Abin da Najeriya ke samu bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatarta ba. Alhali mofin magani ne mai arha, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Mutane na mutuwa suna ihu a kan abin da bai kai kuɗin data ba.

6/
Masu cewa "takarda ba ta jinya, tausayi ke jinya", na ji ku. Amma in tausayi kaɗai ya isa, da babu majinyacin da zai sha wahala a ƙasar Hausa. Wa ya kai mu cika ɗakin marar lafiya da dubiya? Kunu, lemo, kankana, sannu ya jiki. Uwar da ke zaune gefen gado ta fi kowa tausayi a duniya. Duk da haka ɗanta na murƙususu, ita kuma ba ta da yadda za ta yi.

7/
Bari in nuna muku kaɗan daga abin da takardar ke shaida cewa mutum ya sani. Ciwon kansa mai tsanani ba a jira ya taso sannan a ba da magani. Mofin na ruwa ana shan sa a kan agogo, duk bayan awa 4, da ƙarin kaso na musamman in ciwo ya kutso a tsakani. Ana farawa da kaɗan, a riƙa ƙarawa har a dace da jikin mutum.

8/
Duk wanda aka ɗora a kan mofin zai yi taurin bayan gida, don haka tare ake rubuta shi da maganin sassauta ciki. In ƙoda ba ta aiki sosai, maganin na taruwa a jiki, dole a rage ko a canza. Ciwon jijiya mai kamar wuta ko tsirar allura ba ya jin mofin yadda ake so, yana da nasa magungunan. Wannan fa ba a gadonsa, koyo ake yi.

9/
Ciwon da ya fashe yana wari har 'ya'ya na gudun ɗakin uwarsu? Ana niƙa ƙwayar Flagyl a barbaɗa, warin ya ragu, mutane su dawo kusa da ita. Wanda ba ya iya motsi, a riƙa juya shi duk awa 2 don kada ya yi gyambon kwanciya. Sannan ga mafi wuya: yadda za ka zauna da mutum ka gaya masa gaskiyar halin da yake ciki ba tare da ka karya masa zuciya ba.

10/
A zagayen koyon aiki na taɓa ganin wata baiwar Allah mai kansar mama. Dare ɗaya ba ta runtsa ba. Abin da aka rubuta mata farasitamol ne da wata allura "in ciwo ya yi tsanani". Nas ɗin dare ta san ba zai isa ba, amma ba ta da ikon rubuta komai. Likitan da ke bakin aiki shi kaɗai ne ga ɗakuna da yawa. Kowa na da tausayi a wajen. Ƙwarewa da izini ne babu.

11/
Sai masu cewa "ai kowane likita ya iya wannan". To, kowane likita ya san yadda ake karɓar haihuwa, me ya sa muke da likitan mata? Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ta fara da aikin nas, ta yi aikin jin daɗin jama'a, sannan ta koma ta karanta likitanci. Ita ta koyar da cewa ciwo na jiki ne, na zuciya, na iyali, da na ruhi, duk a haɗe.

12/
Birtaniya ta amince da fannin a matsayin ƙwarewar likitanci mai zaman kanta a 1987. Amurka ta amince da shi a matsayin reshen ƙwarewa a 2006, aka fara jarrabawarsa a 2008. Mu kuwa ku duba tsangayoyin kwalejin horas da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Legas: fiɗa, yara, mata, ido, ƙashi, ƙwaƙwalwa, duk akwai. Babu tsangayar da ke tsaye da sunan wannan fanni.

13/
Na san abin da za ku ce: "Turawa ne, suna da kuɗi." Madalla. Mu bar Landan, mu je Kampala. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a nan Najeriya, ta kafa Hospice Africa a Yuganda. Ta kawo dabara mai sauƙi: a sayo garin mofin, a narka shi da ruwa, a sa masa launi don a bambance ƙarfinsa, a zuba a kwalba, majinyaci ya sha a gidansa.

14/
Amma magani ba ya kai kansa ƙauye, kuma likitoci ba su da yawa. Shi ya sa a 2004 Yuganda ta gyara dokarta: nas da jami'in lafiyar da suka kammala horon wannan fanni na wata 9 suka samu izinin rubuta mofin da kansu. Ita ce ta fara yin haka a Afirka. Gwamnati ke biyan kuɗin maganin, majinyaci ba ya ba da ko sisi.

15/
Ku lura da kyau, ba a ce kowace nas ba. Wadda ta yi horo, ta ci jarrabawa, aka yi mata rajista. Satifiket ɗin shi ne mabuɗin. Da shi gwamnati ta samu natsuwar sakin maganin, da shi nas ta samu ƙarfin gwiwar rubutawa. Yuganda ba ta gama magance matsalarta ba, har yanzu akwai giɓi babba. Amma a lissafin Lancet ɗin nan ta yi mana fintinkau, kuma ba ta fi mu arziki ba.

16/
Yanzu babban tsoron: shaye-shaye. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Mun ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa samari da 'yan mata da matan aure a Arewa. Bayan rahoton BBC na 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ta yi daidai. Amma ku tambayi kanku, ta wace hanya kodin ɗin ya bazu?

17/
Ta hanyar da babu mai sa hannu ya bazu: kasuwa, kemis ɗin lungu, bayan mota. Mai satifiket kuwa yana da suna da lamba a rajistar hukuma, yana da littafin da yake rubuta kowace kwalba da sunan wanda aka ba, yana da lasisin da za a ƙwace in ya yi wasa. In tsoron ɓarna ne ya dame ku, ku ne ya kamata ku fi kowa son wannan takarda. Laifin ɗan ƙwaya bai kamata ya faɗa kan tsohuwa mai kansa ba.

18/
Amma fa in na ce satifiket, ba ina nufin takardar halartar bitar kwana biyu a otal ba, wadda ake rabawa bayan an ci shinkafa an ɗauki hoto. Ba kuma kwas ɗin intanet na awa uku da mutum zai manna a bayanin kansa ya koma "ƙwararre" ba. Irin wannan ma ya fi rashinsa haɗari, domin yana ba mutum ƙarfin halin taɓa abin da bai sani ba.

19/
Satifiket na gaske: manhaja ɗaya a faɗin ƙasa, watanni a gefen gado ƙarƙashin wanda ya iya, ziyarar majinyata a gidajensu, jarrabawar da ake iya faɗuwa, da sabuntawa bayan wasu shekaru. Sannan ya zama yana da daraja a tsarin aiki. In nas ta sha wahalar horo ta dawo albashinta da matsayinta ba su motsa ba, aka kuma tura ta ɗakin allurar rigakafi, wa zai sake zuwa?

20/
"Kuna ba su takarda za su tsere waje." Ai suna tafiya tun ba a ba su ba. 😅 Hana mutum ilimi don kada ya gudu ba dabara ba ce. Hasali ma horon irin na Yuganda an gina shi ne a kan ƙauye, mofin na ruwa da jinya a gida. Mai irin wannan ƙwarewa a Gumel ko Gashuwa ake tsananin buƙatarsa. A biya shi yadda ya kamata a ga ko ba zai zauna ba.

21/
Kuma ba daga sifili za mu fara ba. Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun daɗe suna wannan gwagwarmaya a asibitin koyarwa na Ibadan, akwai kuma ƙungiyar masu wannan aiki ta ƙasa. Akwai likitoci da nas-nas da suka fita suka koyo suka dawo. Malaman suna nan. Abin da ya rage hukumomi su shimfiɗa hanya su buga hatimi.

22/
Ga abin da nake nema a fili:
• Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta tsayar da ƙwarewar da lasisinta.
• Kwalejojin ƙwararrun likitoci su buɗe mata hanya.
• A gyara doka, nas mai lasisin ta rubuta mofin.
• Ma'aikatan asibitocin matakin farko su samu horo na daidai su.
• A saka darasin a manhajar kowane ɗalibin lafiya.

23/
Ga masu ganin ɓata kuɗi ne a kan wanda "dama tafiya zai yi": mutumin da ciwo ya lafa masa shi ke iya yin wasiyya, ya faɗi bashin da ake bin sa, ya nemi yafiya, ya yi sallah, ya sa wa 'ya'yansa albarka, ya ambaci Ubangijinsa cikin hayyacinsa. Mu da muke roƙon kyakkyawan ƙarshe kullum, ya za a yi mu ce kwanakin ƙarshe ba su cancanci ƙwararre ba?

24/
'Yan uwana ɗaliban lafiya, ku tambayi malamanku awa nawa aka ware wa wannan a karatunmu. Masu ƙungiyoyin ɗalibai, ku sa shi a takardun da kuke kai wa hukuma. Masu jinyar wani yanzu haka, ku tambayi likita kai tsaye: "Mene ne shirinku na rage masa ciwo, kuma wa ke kula da wannan a nan?" Haƙƙinku ne ku tambaya.

25/
Ba kowace cuta ke warkewa ba, wannan hukuncin Allah ne. Amma barin mutum yana kururuwa alhali maganin na nan, ilimin na nan, wannan namu ne, kuma za a tambaye mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Likita ko nas da ke ganin ban yi daidai ba, bismillah, a zo da hujja. Sauran kuma ku tura wa wanda ya dace ya gani. 🙏🏾