Yaro Ya Fara Tatata? Lokacin Sake Jeren Ɗaki Ya Yi



Makon jiya wata baiwar Allah ta shigo kantin maganin da nake aiki a nan Kontagora, riƙe da ɗanta mai shekara ɗaya da wata bakwai. Ta ce, "Malama, a ba ni Piriton na ruwa, yaron nan ya hana ni barci." Ba mura yake yi ba, ba ƙaiƙayi, kawai ba ya runtsawa sai wajen sha biyun dare. Muna cikin magana sai na ga ya zura hannu a jakarta, ya zaro fallen jajayen ƙwayoyi ya nufi baki da shi. Maganin ƙarin jini ne da aka ba ta wurin awon ciki. Na karɓe, na ce, "'Yar'uwa, ba magani kike buƙata ba, ɗakinki ne yake son gyara."

Ɗakin da aka jera wa amarya, aka yi jego a cikinsa, bai dace da yaron da ke hawa, yana jawowa, yana sa komai a baki ba. Hausawa sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ki durƙusa daidai tsayinsa ki dubi ɗakin, duk abin da idonki ya kai, hannunsa zai kai.

Mu fara da magani. Ƙwayar ƙarin jini tana kama da alawa, amma guda goma kacal na iya jefa yaro mai nauyin kilo 10 cikin mummunan hali. Farasitamol idan ya yi yawa hanta yake lalatawa, kuma da farko ba lallai a ga wata alama ba. Haka maganin hawan jini ko na suga da kaka ke ajiyewa ƙarƙashin matashi. A tattara su duka a akwati mai makulli, a ɗora can sama. Kan madubi da cikin jaka ba ma'ajiya ba ne. Kuma a daina ce wa yaro magani "minti" ne don ya yarda ya sha.

Sai kananzir da fetur da ake zubawa a gorar lemo ko ta ruwa, da fiya-fiya, da maganin ɓera. Mu nan ƙasar noma ce, ba wuya ka ga maganin feshi ko na adana wake a ƙarƙashin gado. Maigida, wannan naka ne: a kai su sito a kulle. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni saboda haɗarinsa, don haka ba abin fesawa ba ne a inda yara ke kwana.

Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha ɗaya daga cikinsu, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai. Kananzir idan ya dawo yana iya shiga huhu, nan ne babbar illar take. A ɗauke shi tare da kwalbar ko fallen maganin, a garzaya Babban Asibitin Kontagora ko asibiti mafi kusa, ko da yana wasansa.

Sai kayan ɗaki. Shogilas da durowa da teburin talabijin, in yaro ya kama zai hau, kansa suke faɗowa. A kira kafinta ya kafe su jikin bango, a sauko da kaya masu nauyi ƙasa. Bokitin ruwa ko baho kada ya kwana a ɗaki a buɗe: kan yaro ya fi sauran jikinsa rinjaye, in ya kifa ciki ba ya iya fitowa, kuma ba za a ji kukansa ba. Kaskon turaren wuta, hita, dutsen guga da fulas ɗin shayi su bar ƙasa. A toshe soket ɗin da ke ƙasa-ƙasa. Lokacin sanyi kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, janareta kuma ya yi nesa da taga, don iskar da suke fitarwa tana kisa cikin barci.

Yanzu barcin. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce yaro mai shekara 1 zuwa 2 na buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini, har da na rana, kuma wanda bai kai shekara 2 ba bai kamata a zaunar da shi gaban waya ko talabijin ba. Yaron da ya fara dirowa daga doguwar gado, katifa a ƙasa ta fi masa, nesa da taga da igiyar labule. A ɗaura gidan sauro mai magani a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, ya fi hayaƙin maganin sauro na kunnawa. Sannan a tsayar da lokaci guda kullum: bayan isha'i a yi masa wanka, a rage haske, a kashe kallo, a yi masa addu'a. Barcin rana kada ya wuce la'asar.

Piriton kuwa ba maganin barci ba ne. Wasu yaran ma ƙara musu rigima yake yi, kuma ba a ba ƙaramin yaro sai da umarnin likita. Idan an gyara duk wannan, yaro bai daina farkawa da kuka ba, ko yana zazzaɓi, ko yana jan kunne, a kai shi a duba.

Baiwar Allahn nan ta tafi ba ta sayi komai ba, amma ta yi mini alƙawarin samo kwado ta kulle magungunanta kafin magariba. Ke ma ki duba naki ɗakin yau.

Allah Ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.