Tseren babur: babbar hanya ba fage ba ce

Duk wanda ya san Gazawa ya san hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Gidan Rumji da Agye ta ratsa garin ta nufi Tasawa da Damagaram. A kanta manyan motoci ke wucewa dare da rana, a kanta amalanken shanu ke kai kaya kasuwa, ita kuma yara ke ƙetarawa zuwa lakwal. Wannan kwalta ce wasu samari ke mayarwa fagen tsere ranar Asabar da Lahadi, ko ranar salla, ko wajen rakiyar amarya, ba hular kwano, ba wanda ya tsai da mota domin su.

Iyaye sun yi faɗa, malamai sun yi wa'azi, jandarmomi suna kama wanda suka kama. Abin bai daina ba, kuma ba zai daina da faɗa kaɗai ba. Babur ya yi arha, man kwalba yana bakin hanya, saurayi kuwa tun zamanin sukuwar dawaki yake son a ce shi ne gaba. Son tsere ba laifi ba ne. Laifin yana ga wurin da ake yin sa.

Nijar ba baƙuwar wannan wasa ba ce. Tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda ya ƙare a watan Janairun 1979, ya bi ta Agadas da Yamai, kuma mai babur ne, Cyril Neveu, ya zo na ɗaya a kan Yamaha. Masu wannan tsere suna da likitoci da jiragen sama, amma duk da haka motocinsu sun kaɗe yaran ƙauye a Mali da Gine da Senegal. A tsibirin Man, kusa da Ingila, inda ake tseren babura a kan titi tun 1907, rufe hanyar ake yi gaba ɗaya, kilomita 60, a zuba masu tsaro da tutoci a kowace kwana, a binciki kowane babur kafin ya tashi. Tare da wannan shiri, fiye da mahaya 250 sun mutu a can. To, ina ga yaron da ya hau da silifa, birkinsa ya sha gyara da waya, asibitin da zai iya ɗinke masa kai kuma yana Maraɗi?

Ƙasar nan ta taɓa warware irin wannan al'amari. Kokowa wasan dandali ce ta bayan girbi, har a 1975 hukuma ta shirya gasar ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya yi nasara. Aka yi mata fili, aka sa alƙalai da doka, ta zama abin alfaharin kowa. Babur ya fi kokowa haɗari nesa ba kusa ba, saboda haka ya fi ta bukatar tsari.

Abin da ya kamaci magajin gari da shugaban gunduma da sarakunan gargajiya bai fi ƙarfinsu ba. Bayan an cire amfanin gona, fili ba ya wuya a ƙasar Gazawa. A keɓe ɗaya nesa da kwalta da gidaje, a ja igiya tsakanin ƴan kallo da masu gudu, makanikan gari su duba birki da taya, malamin asibiti da motarsa su tsaya har a tashi. Wanda bai kai shekara 18 ba, ko ba shi da hular kwano, ko ya sha ƙwaya, ya koma cikin ƴan kallo. Ƴan kabu-kabu ma suna da abin cewa, domin su ne ake zagi da laifin da sau da yawa ba nasu ba ne.

Idan aka ba samari wannan fili ranar Lahadi, jandarma ba zai ji nauyin kowa ba in ya ƙwace babur ɗin da ya samu yana tsere a kan hanya ranar Litinin.