TIYATAR RAGE ƘIBA: AN SALLAMO KI, AMMA TSUGUNE BA TA ƘARE BA

Yau kam ku yi mani afuwa, zan ɗan jingine labarin da muke ciki, domin akwai maganar da ta tsaya mani a rai. Magana ce a kan tiyatar rage ƙiba, da irin jinyar da muke yi wa waɗanda aka yi wa ita idan sun dawo gida.

Na san wani zai ce, "Haba Hajiya, a wannan marra da ake neman abin kaiwa bakin salati, wa ke ta ƙiba a Gwarzo ko Kabo?" Gaskiya ne yunwa ta fi yawa a karkararmu. Amma ku leƙa layin masu ciwon suga da hawan jini a Babban Asibitin Gwarzo, ku ƙirga matan da sai an kama su suke iya tashi daga benci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutanen da ke fama da ƙibar da ta zama cuta sun haura biliyan 1. Muna cikin lissafin. Ga kuma namu ƙarin, wato 'yan matan da ke haɗiyar sha-ka-fashe don su yi mulmul kafin biki, alhali ƙwayar deksa da ke cikin irin wannan haɗi tana iya jawo suga da hawan jini. A littattafan hikaya ma, mace mai ƙiba in ba muguwar uwar miji ba ce, to abar dariya ce. Shi ya sa wadda ƙiba ta zame wa ciwo take shan wahala biyu, ta jiki da ta bakin mutane.

Bari mu fara raba tsaki da tsakuwa. Aiki iri biyu ne mutane ke cakuɗawa. Akwai zuƙe kitse da ake yi don gyaran sura. Irinsa aka yi wa Stella, matar Shugaba Obasanjo, a ƙasar Sifen, ta rasu ranar 23 ga Oktoba 2005, kuma a 2009 kotun can ta samu likitan da laifin sakaci. Sai kuma ainihin tiyatar rage ƙiba, wadda ake taɓa tumbi, wato jakar da abinci ke sauka. Ko dai a yanke kusan kashi 80 cikin 100 a cire, a bar ɗan siriri kamar ayaba, ko a ɗinke 'yar ƙaramar jaka a sama a haɗa ta da hanji, abinci ya riƙa bin ratse. Wannan na biyun wani likita ne a Amurka, Edward Mason, ya fara shi a shekarun 1960, kuma shi aka yi wa ɗan ƙwallon nan Maradona a Kolombiya cikin 2005.

Ba kowa ake yi wa ba. Likitoci na da ma'auni, ana raba nauyin mutum da tsayinsa sau tsayinsa. Mace mai tsayin mita 1.6 da nauyin kilo 105, lissafinta ya kai 41. An daɗe ana cewa sai wanda ya kai 40, ko 35 in yana da wata cuta kamar suga. A 2022 ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauta zuwa 35, ko 30 ga mai suga. Ga irin waɗannan bayin Allah aikin magani ne, da yawa sugansu kan sauka, gwiwa ta huta, numfashi ya daidaita. Don haka ni ban ga abin zargi ba ga wadda likita ya duba ya ce ta yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda nake da ja shi ne abin da ke biyo baya. Masu hali kan tafi Indiya ko Masar ko Turkiyya, wasu Legas ko Abuja. Yawanci ta 'yan huji huɗu ko biyar ake aikin, da na'ura mai kyamara, kwana biyu ko uku an sallame ki. Ki dawo gida, dangi su ɗaga riga su ga ba wani dogon ɗinki, sai 'yan filasta, shi ke nan a wurinsu kin warke. Alhali ɗinkin gaske yana can ciki, ɗanye shataf.

Akwai wata ƙanwar babanmu da ke aure a wani ƙauye ta wajen Kabo, wadda maigidanta ya sayar da gona ya kai ta waje aka yi mata. Da na je dubiya ta ba ni labarin zamanta a asibitin can. Ta ce tsafta kam ba a magana, amma kwananta uku ba wanda ya yi mata magana da harshen da take ji, sai tafinta da ke leƙowa sau ɗaya a yini. Ranar sallama aka miƙo mata takardu cike da Turanci, a ciki aka rubuta duk dokokin cin abincinta, ita kuwa ko bihim ba ta iya karantawa. Muna cikin hira sai ga yayarta da kwanon tuwon dawa da man shanu, tana cewa, "Daure ki ci 'yar nan, mara lafiya da abinci yake tashi." Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, cikin nan ko rabin kofin shayi bai gama ɗauka ba." Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Ku 'yan boko, da yunwa za ku kashe ta?"

Wallahi ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, kuma a nan matsalar take. Mu Hausawa ba a bar mu a baya ba wajen jinya. Mace za ta bar ɗakinta ta shimfiɗa tabarma a barandar asibiti wata guda saboda 'yar uwarta. Amma duk jinyarmu a kan ɗura take: farfesu, kunun gyaɗa, katan ɗin Maltina, lemon kwalba. Wannan aiki kuwa ya zo da tasa doka. Kusan mako biyu na farko ruwa-ruwa ne kawai, kurɓi-kurɓi. Daga nan sai abin da aka dama ya yi laushi, sannan mai taushi, sai an yi wajen wata ɗaya da rabi ko biyu kafin a koma abinci sosai, shi ma 'yan lomomi, a tauna a tauna. Ba a haɗa ci da sha, sai an ba da tazarar kamar rabin awa. Lemo mai gas yana kumbura ciki. Kayan zaƙi kuwa, musamman ga wadda aka yi wa ratse, suna sa jiri da gumi da bugun zuciya da gudawa nan take. Abin da jiki ke nema muna da shi a gida: kindirmo ba suga, ruwan farfesu da aka tace aka kwashe mai, daga baya dafaffen ƙwai, kifi, alale da awarar da ba a soya ba. Ga ruwa, wanda a zafin watan Afrilu sai ta yini tana kurɓa kafin ta sha lita ɗaya da rabi.

Sai batun nisa. Likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa, ke kina Getso ko Garo. Idan ɗinkin ciki ya yi yoyo, alamunsa su ne zuciya ta riƙa dukan uku-uku, zazzaɓi, ciwon ciki ko na kafaɗar hagu, da sarƙewar numfashi. Mu kuwa duk zazzaɓi na sauro ne, sai a aika yaro kemis. A nan ake asarar rai. Daga Gwarzo zuwa Kano kimanin kilomita 70 ne, a bi ta Rimin Gado da Janguza a shiga ta Kabuga, kuma wanda ya ga waɗannan alamu, ko tsakar dare ne, ya nemi mota a nufi babban asibiti irin na Malam Aminu Kano. Haka magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, da muke sha kamar gyaɗa, suna iya haddasa gyambon ciki ga wanda aka taɓa wa tumbi.

Abin da ya fi ci mani tuwo a ƙwarya shi ne ɓoyo. Mace za ta tafi a ce Umara ta je, ta dawo tana zubewa, wata uku zuwa shida gashi ya fara kakkaɓewa, wanda dama yakan faru kuma ya tsiro daga baya. Kafin ka ce kwabo gari ya ɗauka. Wasu su ce ƙanjamau ne, wasu su ce kishiya ce ta yi mata sammu, har a fara ɗura mata jiƙe-jiƙe. Ita kuma kunya ta hana ta faɗin gaskiya, har likitan garinsu ta ɓoye masa. To ta yaya zai taimake ki bai san an canza maki hanyar abinci ba? Wannan aiki abokin zama ne har ƙarshen rayuwa. Ana shan bitamin, musamman B12, da maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, ana gwajin jini lokaci-lokaci. Ana son mace ta dakata da ɗaukar ciki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, maganar da dole maigida ya sani tun kafin a sayi tikiti. Azumin farko ma sai an ji ta bakin likita. Kuma matsala na iya tasowa bayan shekaru. Lisa Marie Presley, 'yar mawaƙin nan na Amurka Elvis, ta rasu a Janairun 2023 sakamakon toshewar hanji da tabon irin wannan aiki ya jawo, shekaru bayan an yi mata. Wannan fa a inda asibiti ke bakin ƙofa.

Don haka shawarata ga mai niyya, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ki tashi, ki sami likitan tiyata a Kano wanda ya san da zancen, ya kuma yarda zai riƙa duba ki. Ki karɓo cikakken rahoton aikin, a fassara maki dokokin abinci da Hausa, a karanta wa mai jinyarki da maigida da uwar miji. A ware kuɗin magani da gwaji, kada a ƙarar da komai a kuɗin jirgi. Likitocinmu da malaman jinya kuma, don Allah a daina yi wa mai ƙiba kallon wadda ta jawo wa kanta, wannan kallon ne ke korar su daga asibiti.

Mu kuma 'yan dubiya, mu rage surutu, mu rage kwanuka. In ta ce ta ƙoshi bayan cokali uku, ta ƙoshi ɗin. Kama hannunta ki zaga tsakar gida da ita, domin tattaki na hana jini daskarewa a ƙafa, ya fi mata katan ɗin lemo amfani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗora daga inda muka tsaya. Wassalam.