Shekara bakwai mai gadi na jiran hukunci: wa ƙofar kotu ke yi wa amfani?

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin masu kamfani da wasu lauyoyi, wai in mai sasanci ya yanke hukunci tsakanin ma'aikacin da aka kora da mai gidansa, a bar kotu ta sake shari'ar tun daga tushe don a tabbatar da adalci. Ni kam ban yarda ba. Wanga adalci na mai kuɗi ne. Ku ji abin da ya faru da wani mai gadi a Afirka ta Kudu.

Sunansa Sidumo, yana gadi a kamfanin haƙar ma'adinai na Rustenburg Platinum Mines. Aikinsa ya caje ma'aikata in za su fita. A 2000 aka kore shi, bayan kamara ta nuna cewa cikin caje 24 guda ɗaya tak ya yi bisa ƙa'ida. Laifi dai ya yi shi, ba mai musu. Amma mutumin nan ya kusa shekara 15 yana aiki ba a taɓa kama shi da wani laifi ba, kuma ba a nuna an sace komi a lokacin gadinsa ba.

Can ƙasar suna da hukumar sulhu da sasanci, CCMA, wadda dokar ƙwadago ta 1995 ta kafa. Mai sasancin hukumar ya ce kora ta yi tsanani: a maida shi aiki, a ba shi gargaɗi a rubuce da diyyar albashin wata uku. Da nan ya kamata magana ta mutu. Ina! Kamfani ya garzaya kotun ƙwadago, ya faɗi. Ya ɗaukaka ƙara, ya sake faɗi. Ya wuce babbar kotun ɗaukaka ƙara, ita kuwa a 2006 ta ba shi gaskiya, wai a girmama hukuncin mai gida tunda shi ya san aikinsa. Sai a watan Oktoba 2007 kotun tsarin mulki ta rushe wannan, ta tabbatar da hukuncin mai sasanci.

Shekara bakwai ke nan fa. Kamfani na da lauyoyi, ma'adinai na fita kullum. Shi mai gadi da mi zai ci da iyali? Tukunya ba ta san ana ɗaukaka ƙara ba.

Abin da kotun tsarin mulki ta kafa shi nake goyon baya. Ta ce mai sasanci ba ɗan amshin shatan mai gida ba ne, shi zai auna ko korar ta dace. Kotu kuma ba za ta soke hukuncinsa don kawai alƙali na ganin da shi ne da ya yanke dabam ba. Tambayar guda ce: hukuncin nan irin wanda mai hankali ba zai iya kaiwa gare shi ba ne?

Za ku ce to in mai sasanci ya ci hanci fa, ko ya hana wani ɓangare magana? Gaskiya ne, mutum tara yake. Shi ya sa dokar ta bar ƙofa: in ya yi rashin ɗa'a, ko ya tafka babban kuskure wajen gudanar da zaman, ko ya wuce hurumin da aka ba shi, a kai shi kotu cikin mako shida. Wannan ya isa. Amma a buɗe ƙofar wangale, kowa ya ji hukunci bai yi masa daɗi ba ya sake sabon zama? Wanda ke da kuɗin jira shi zai ci, ko ba shi da gaskiya.

Nan gida tsarin ya bambanta: wanda aka kora yakan nemi sulhu wajen sufeton aiki, in an kasa sai kotu. Amma makamin mai gida ɗaya ne ko'ina, ja da lokaci har talaka ya gaji ya amshi ɗan abin da aka miƙa masa. Shugabannin sandika, in ana zancen gyaran dokar aiki, ku duba abin da Afirka ta Kudu ta ƙara a dokarta daga 2015: kai ƙara kotu bai dakatar da hukuncin mai sasanci ba, sai in mai gida ya ajiye jingina. In hukuncin maida mutum aiki ne, jinginar albashin wata 24 ce.